Wankin ƙoda: ba a fafe gora ranar tafiya

Manomin kirki ba ya jiran yunwa ta shigo gida kafin ya gina rumbu. Tun da kaka yake ƙidaya bakunan da ke ci a gidansa. Yana sa jaririn da aka haifa bana cikin lissafi. Yana sa tsohuwar da ba ta iya zuwa gona. Sannan ya san damin hatsi nawa zai aje.

Yau muna so mu yi irin wannan lissafi a kan wata cuta da ke ƙaruwa a cikinmu, wato ciwon ƙoda. Idan ƙodar mutum ta daina aiki, inji ne ke tace masa jini. Wannan shi ne wankin ƙoda, wanda likitocinmu ke ce wa diyaliz. Tambayarmu ita ce: jama'a na ƙaruwa, tsofaffi na ƙaruwa, shin wurin wankin zai ishe mu?

Mene ne aikin ƙoda?

Kowane mutum na da ƙoda biyu. Suna can baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu. Girman kowace bai wuce dunƙulen hannu ba. Cikin kowace ƙoda akwai ƴan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya gani.

Dare da rana jini na ratsa waɗannan matatai. A yini ɗaya suna tace ruwan da ya kai lita 180. Kusan dukansa yana komawa cikin jini. Lita ɗaya da rabi ko biyu kawai ke fita, ɗauke da datti da gishirin da ya yi yawa. Shi ne fitsari. Ban da tata, ƙoda na daidaita hawan jini, tana taimakon jiki wajen yin sabon jini, tana kuma ƙarfafa ƙashi.

Ƙoda na lalacewa iri biyu. Akwai lalacewar farat ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na kawo ta. Haka ma zawo da amai masu ƙarar da ruwan jiki, da zubar jini wajen haifuwa, da saran kububuwa. Irin wannan, idan an samu magani da wuri, sau da yawa ƙodar na farfaɗowa. Wani lokaci wanki kaɗan ake yi, mutum ya koma gonarsa.

Akwai kuma lalacewar sannu a hankali. Ita ce mai cin shekaru tana ɓarna ba tare da ciwo ba. Manyan masu kawo ta su ne hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo, da ciwon suga. Irin wannan ba ta warkewa. Idan aikin ƙoda ya rage kamar kashi 10 cikin 100, sai wanki har ƙarshen rayuwa, ko kuwa dashen wata ƙodar. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya kusan mutum ɗaya cikin goma na da ciwon ƙoda, babba ko ƙarami, kuma akasarinsu ba su sani ba.

Yaya ake wankin?

Ana ɗebo jinin maras lafiya ta wata siririyar roba. Jinin ya ratsa matacin da ke jikin inji, datti ya fita cikin ruwa mai tsabta, sannan jinin ya koma jiki. Don jinin ya riƙa fita da ƙarfi, likita na yin ƙaramin aiki a hannu, ya haɗa jijiya biyu. Wannan haɗi na bukatar sati shida ko fiye kafin ya nuna. Shi ya sa wanda aka gano ciwonsa da wuri ya fi samun sauƙi. Wanda aka kawo ranga-ranga kuwa, sai an sa masa roba a wuya ko a cinya, ita kuwa tana saurin kawo ƙwayoyin cuta.

Ƙa'ida ita ce a yi wanki sau uku a sati, kowane zama awa huɗu. A shekara zama 156 ke nan. Babu hutun salla, babu hutun damina. A wurare da yawa na Afirka sau biyu ake yi a sati, don injuna ba su isa ba.

Wannan inji ba tsohon abu ba ne. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera na farko a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu. Sai a 1945 aka samu maras lafiya ta farko da injin ya ceta. A 1960, a birnin Siyatil na Amurka, aka gano dabarar yi wa mutum wanki a kai a kai. Nan da nan masu bukata suka fi injuna yawa. Sai aka kafa wani kwamiti na mutanen gari, su ke zaɓen wanda za a yi wa wanki. Wanda ba a zaɓa ba, ya koma gida jiran ajali. Abin ya girgiza mutane. A 1972 Amurka ta yi doka cewa gwamnati za ta riƙa biyan kuɗin wankin. Darasin da muka ɗauka a nan shi ne: duk inda ba a yi lissafi da wuri ba, ƙarshenta sai an zaɓi wanda zai rayu.

Har yanzu duniya ba ta fita daga wannan hali ba. Wani bincike da aka buga a 2015 ya nuna cewa a 2010 mutum miliyan 2 da dubu 600 ne ke samun wanki ko dashe a duniya. Waɗanda suka rasu don ba su samu ba, sun kai aƙalla miliyan 2 da dubu 300. Akasarinsu a Afirka da Asiya suke.

Mu nawa ne?

Mu dawo gida Nijar. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ƴan kai. Ta 2001 ta samu miliyan 11. Ta 2012 ta samu miliyan 17. Cikin shekara 24 mun ninka har mun wuce. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram na da kusan miliyan 3 da rabi, Maraɗi na bin ta, Tawa na bin Maraɗi. Waɗannan jihohi uku sun fi rabin jama'ar ƙasa. Yau an ƙiyasta mun wuce miliyan 25, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen za mu haura miliyan 50 nan da 2050.

Abu na biyu, muna daɗewa a duniya fiye da kakanninmu. A 1960, shekarar da muka samu mulkin kai, jaririn da aka haifa ba a sa ran ya kai shekara 40, idan aka yi lissafin kowa da kowa. Yau lissafin ya kai wajen shekara 60. Wannan abin godiya ne ga Allah. Lamba da maganin zazzaɓi da ruwa mai tsabta sun ceci yara da yawa. Amma yaron da ya tsira daga ƙyanda, wata rana dattijo ne. Daga shekara 40 ƙarfin ƙoda na fara raguwa kaɗan-kaɗan. Hawan jini da ciwon suga kuma sun fi kama masu shekaru.

Wani zai ce: ai ƙasarmu ta yara ce, kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Gaskiya ne. To amma waɗannan yaran su ne masu shekara 40 da 50 nan gaba, kuma sun fi iyayensu yawa nesa ba kusa ba. Ko yanzu ma, a ƙasashenmu na Afirka masu zuwa wanki sau da yawa ba tsofaffi ba ne. Magidanta ne da uwayen ƴaƴa masu ƙarfi a jika, waɗanda gida ya dogara a kansu. A ƙasar Japan, inda tsofaffi suka yi yawa, a 2023 masu wankin ƙoda sun haura 340,000. Mu ba mu kai can ba, amma hanyar da jama'armu ta ɗauka ta nuna bukata gaba za ta yi, ba baya ba.

Lissafin inji ɗaya

Bari mu yi lissafi tare, kamar yadda muke yi a aji. Inji ɗaya na iya karɓar mutum uku a yini: ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da marece. Tsakanin kowane zama sai an wanke injin. Ana aiki kwana shida a sati. Uku sau shida, zama 18 ke nan. Kowane maras lafiya na bukatar zama uku. Saboda haka inji ɗaya mutum shida kawai yake riƙewa. Idan sau biyu ake aiki a yini, mutum huɗu ne.

Mu ɗauki misalin asibiti mai inji 20. Ba dukansu za a sa aiki ba. Dole a ware biyu, don inji na lalacewa. Saura 18. Idan ana aiki sau uku a yini, mutum 108 za su samu wuri. Cikin waɗannan injuna ma, ƙa'ida ta ce a keɓe wasu don masu ciwon hanta, kada cutar ta bi jini ta kama wasu. Ana kuma bukatar wurin ko-ta-kwana, don macen da ta zubar da jini wajen haifuwa, ko yaron da zazzaɓin damina ya tsayar wa fitsari.

Ga wani abu da ya kamata mu gane. Gadon asibiti, idan mutum ya warke, yana tashi ya ba wani. Kujerar wanki ba haka take ba. Wanda ya hau ta, tasa ce shekara da shekaru. A misali, idan mutum 40 suka shigo cikin shekara, 15 suka fita, an samu ƙarin 25. Baɗi ma haka. Cikin shekara huɗu an samu ƙarin mutum 100, wato kusan cikin asibitin nan namu na misali. Kuma iyakar kyawun aikin likitoci, iyakar daɗewar marasa lafiya da rai, iyakar ƙaruwar bukatar kujeru. Mai tsara aiki dole ya san wannan tun farko.

Inji kaɗai ba ya wanki

Sau da yawa muna jin an ce an kawo kyautar injuna. Muna murna, kuma abin murna ne. Amma garma ba ta noma sai da shanu, da mai riƙo, da abin da shanun za su ci. Haka inji yake. Abubuwa huɗu ne ke sa shi aiki.

Na farko, ruwa. Zama ɗaya na cin lita 120 na ruwan da aka tace sarai, kusan bido biyar masu cin lita 25. Ruwan famfo ba ya yi sai an sake tace shi, kuma wajen tatar ana zubar da mai yawa. Asibitin misalinmu na yin zama 54 a yini. Lita 6,480 ke nan, fiye da tano 32 masu cin lita 200, ban da wanda aka zubar. Mutanen Damagaram sun san abin da ake nufi da ƙarancin ruwa lokacin bazara. Duk inda za a kafa wurin wanki, sai an fara da rijiya da tankin ajiya.

Na biyu, wutar lantarki. Idan wuta ta ɗauke alhali jinin mutum na cikin inji, akwai hatsari. A watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya, kowa ya ga yadda dogaro da hanya ɗaya ke da wuya. Wurin wanki na bukatar injin wuta da mansa, ko kuma wutar hasken rana, wadda Allah ya hore mana.

Na uku, kayan aiki. Kowane zama na cin sabon mataci, da sabbin robobi, da allurai, da magunguna. Kusan dukansu daga ƙasashen waje suke zuwa, mu kuwa ba mu da teku. Kaya na sauka a tashar jirgin ruwa ta wata ƙasa, sannan su yi tafiyar fiye da kilomita dubu a mota. Rufe iyakoki a 2023 ya nuna mana dalilin yin ajiyar wata da watanni. Mai wanki ba ya iya jiran a buɗe hanya. Idan ya rasa zama biyu ko uku, ruwa na cika masa huhu.

Na huɗu, mutane. Likita na yin shekara bakwai ko takwas yana karatu, sannan ya ƙara huɗu kafin ya zama gwanin ƙoda. Ana bukatar ma'aikatan jinya da suka koyi aikin, da mai gyaran inji da ke zaune kusa. Jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram duk suna koyar da aikin likita. Likitan ƙodar da za mu bukata nan da shekara 12, yau ya kamata ya shiga aji. Gini na tashi cikin shekara ɗaya ko biyu, gwani kuwa ba ya samuwa da sauri.

Nisa ma cuta ce

Shekaru da yawa asibitin Lamorde na Yamai, wanda yanzu ake kira asibitin Amiru Bubakar Jallo, shi ne wurin da masu ciwon ƙoda ke dosa daga ko'ina cikin ƙasa. Daga baya babban asibitin Damagaram ya samu nasa sashen wanki. Wannan ya rage wahala ƙwarai. Mu tuna daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Daga Maraɗi ya wuce 600, daga Tawa ya wuce 500.

Amma ko kilomita 100 ne, mu auna: zuwa da komowa sau uku a sati, shekara bayan shekara. Wanda ke ƙauye sai ya bar gonarsa ya koma birni. Sai an samu ɗaki. Sai wani ya bar aikinsa ya zauna jinya. Ana sayar da bisashe, ana jinginar da gona. Ciwon mutum ɗaya na iya talauta gida duka.

A watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage kuɗin magani da rabi a asibitocinta, daga ranar 1 ga Satumba. Ta kuma soke jaka 150 da mai wankin ƙoda ke biya kafin a sa shi cikin tsarin. Wannan sauƙi ne babba. Sai dai mu sani, duk lokacin da aka sauƙaƙa kuɗi, waɗanda a da suke zama gida za su fito. Layi zai ƙara tsawo. Sauƙin kuɗi na bukatar ƙarin kujeru a bayansa.

Saboda haka mai tsara aiki ba adadin injuna kaɗai zai duba ba. Zai duba inda jama'a suke. Zai kuma bukaci rajista: mutum nawa suka zo bana, daga wane gari, mene ne ya lalata musu ƙoda. Wanda bai ƙidaya garkensa ba, bai san yawan harawar da zai aje ba.

Akwai wasu hanyoyin

Akwai wankin da ake yi a gida ba da inji ba. Ana sa roba a ciki, a zuba wani ruwan magani kamar lita biyu, ya jima, sannan a fitar da shi. Ana yin haka sau huɗu a yini. Ƙasar Tailan ta ba wannan hanya ƙarfi daga 2008 don ta kai ga mutanen karkara. Amma tana bukatar tsabta ƙwarai, da jakunkunan ruwan magani masu yawa kowane wata.

Akwai kuma dashe, inda ɗan uwa mai lafiya ke ba da ƙoda ɗaya. An fara cin nasararsa a 1954 a birnin Boston na Amurka, tsakanin wasu tagwaye. Kusa da mu, asibitin koyarwa na Aminu Kano ya fara dashe a 2002. Wanda aka yi wa dashe na barin kujerar wanki, amma zai sha magani kullum har abada.

Namu aikin

Gina wurin wanki aikin hukuma ne. Rage yawan masu bukatarsa kuwa, da mu a ciki. Kujerar da ta fi araha ita ce wadda ba a bukace ta ba. Ga abin da kowannenmu zai iya yi.

Mu auna jini. Duk wanda ya kai shekara 40 ya je likita a auna masa hawan jini da suga, ko da sau ɗaya a shekara. Awon fitsari na nuna ɓarnar ƙoda tun ba ta yi nisa ba. Wanda aka ba maganin hawan jini, kada ya bari don ya ji sauƙi.

Mu rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokali na shayi. Dunƙulen miya gishiri ne. Kanwa ma na ƙara hawan jini idan ta yi yawa.

Mu yi hattara da ƙwayoyin kashe gajiya da ake talla a tire. Irin su diklofenak da ibuprofen, idan ana shan su kullum, suna cin ƙoda, balle ga wanda ya yini cikin rana bai sha ruwa ba. Haka ma jiƙe-jiƙen da ba mu san abin da ke cikinsu ba.

Manoma da masu lambu, mu sha ruwa. A ƙasashen Nikaraguwa da Salbado na tsakiyar nahiyar Amurka, an ga masu saran rake da yawa sun kamu da ciwon ƙoda, alhali ba su da suga ba su da hawan jini. Masana na danganta abin da aiki cikin zafin rana da ƙishirwa. Da aka sa musu ruwa da hutu da inuwa, ɓarnar ta ragu. Ranarmu ta bazara ba ta fi tasu sauƙi ba. Mu tafi gona da gora cike, mu huta ƙarƙashin gawo idan rana ta take.

Mata masu ciki su je awo, su haifu a likita. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi a ba shi maganin tsargiya. Wanda ya ga fuskarsa na kumbura da safe, ko ƙafafunsa na kumbura, ko fitsarinsa na kumfa ko ya ragu, kada ya jira.

A watan Mayu na 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yanke shawarar cewa ƙasashe su sa ciwon ƙoda cikin manyan abubuwan da za su kula da su. Kowace shekara kuma, ranar Alhamis ta biyu ta watan Maris ita ce ranar ƙoda ta duniya. Mu ma muna da bakin magana. Idan magabata suka zo garinmu, mu tambaye su: masu wanki nawa ne a jiharmu? Kujeru nawa ne? Nan da shekara goma nawa za a bukata, kuma wa ake koya wa aikin?

Ƴan uwa, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai riga ya shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Ranar kasuwa mai zuwa kuma, ku biya likita tare a auna ku. Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.